Ɗan Fari Bai Fito a Rahoto Ba

Sau uku Malama Binta ta kira Rilwanu a waya a kan ɗan Sumayya, sau uku kuma ya sallame ta da magana ɗaya, wai abin da rahoto ya fitar shi ke nan, shi ba shi da hannu a ciki. Ta ce masa yaron watansa goma sha huɗu, ita da kanta ta ɗaura masa igiyar awo a damtse ta tsaya a kan ja, amma sau biyu ana kai abincin tamowa Tungar Gawo ba a kira shi ba. Ya ce ta sake turawa. Ta ce ta tura. A kira na uku, ranar Alhamis da la'asar, ta ce ƙafafun yaron sun fara kumbura. Rilwanu yana zaune a zauren gidansu a Gwandu yana ɓare gyaɗa, ya ce to ta jira Litinin, sabon rahoto zai fito.

Kada a ɗauki alhakin Rilwanu a ce mugu ne. Shekararsa talatin da huɗu, ba ya sata, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. Yana aiki da wata ƙungiya mai ciyar da yara masu tamowa, wadda ofishinta ke Kalgo, ɗaki biyu da sito a baya. Aikinsa haɗa rahoto. Ciwonsa ɗaya ne, kuma ciwon mutane da yawa ne: ya taɓa yin abin kirki an yaba masa a gaban jama'a, tun daga ranar kunnensa ya yi nauyi.

Ga yadda abin ya faro. A da, duk Alhamis yake hawa babur ya zaga Diggi da tungayen da ke bayanta, ya karɓo takardun awo daga hannun mata 'yan sa-kai irin su Malama Binta. Takardun sukan zo da maiƙon manja da sawun ruwan sama, wani lokaci har da cizon ɗan akuya. Sai ya yi kwana biyu yana kwafe su a kwamfuta, idonsa ya yi ja, bayansa ya ƙage. Daga baya aka raba wa matan wayoyi, suna auna yaro suna shigarwa, bayanan su tafi wani babban rumbun bayanai a Abuja. Wahalar ba ta ƙare ba, don sai Rilwanu ya sauke su ya kwafa cikin manhajar rahoto da hannu.

Wata rana yana tone-tonensa sai ya gano rumbun nan yana da wata ƙofa ta intanet da aka tanada don manhajoji su riƙa roƙon bayanai da kansu, ba sai mutum ya shiga tsakani ba. Ya yi mako biyu yana fama. Ya nemi adireshin ƙofar, ya roƙi mabuɗin shiga daga Abuja, ya sa su a cikin manhajar rahoto. Daga nan, kowace Litinin da ƙarfe takwas na safe, manhajar da kanta take tambayar rumbun, ya ba ta jerin yaran da awonsu ya nuna ja, ta jera su ƙauye-ƙauye, ta faɗi ledar abincin tamowa nawa kowane yaro zai samu. Madam Esther, mutuniyar Zuru da ke riƙe da ofis da makullin sito, sai dai ta buga takardar a firinta ta sa a loda katan-katan. Aikin kwana biyu ya koma na minti huɗu. Wallahi abin ya yi kyau, ko maƙiyinsa ba zai ce bai yi ba.

Sai dai akwai wani tabo da ƙungiyar ke ɗauke da shi. A shekarar da ta gabata an kama wasu 'yan sa-kai a wani gari sun ƙirƙiri yaran bogi, abincin tamowan nan, gyaɗar da ake niƙawa da madara da sukari a 'yar leda, ya riƙa bayyana a tire a kasuwa. Manya suka zo daga Abuja suka wanke kowa tas, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Saboda haka da Rilwanu yake haɗa aikinsa ya ga wasu layuka da awo, da shekaru, da ƙauye, amma gurbin sunan yaro fayau, sai ya yi dariya ya ce wa Madam Esther ya kama aljanu. Ya ƙara sharaɗi ɗaya a cikin roƙon da manhajar ke aikawa, cewa a kawo waɗanda gurbin sunansu ke cike kaɗai. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Adadin yara ya faɗi nan take. Katan-katan suka fara saura a sito, abin da ba a taɓa gani ba a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare gero kuma bai nuna ba. A taron wata-wata aka ambaci sunan Rilwanu, aka ce ya tsaftace rahoton Kalgo, sauran ofisoshi su yi koyi da shi. Tun da aikin ba ya buƙatar ƙafarsa, sai ya kwashe laftof ɗinsa ya koma Gwandu wurin mahaifiyarsa, yana leƙa Kalgo sau biyu a mako. Babur ɗin ƙauye kuwa aka jingine shi a bayan sito, kaji suka mayar da shi wurin kwana.

Litinin ɗin da ya ce a jira ta zo. Ya baro Gwandu da sassafe a ƙaramar bas, ya sauka Birnin Kebbi ya canza mota, ya iso Kalgo wajen tara da rabi. Ya tarar da Madam Esther ta riga ta buga takardun, ya kuma tarar da Malama Binta zaune a kan bencin ƙofar ofis, gefen zaninta duk laka. Mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, gajeriya, tsohuwar ungozoma daga Diggi, irin matan da ba sa ɗaga murya don ba su saba maimaita magana ba. Ko amsa gaisuwarsa ba ta gama yi ba ta miƙa hannu.

"Ba ni takardat Tungar Gawo in gani."

Madam Esther ta miƙa mata. Ta bi sunayen da yatsa a hankali, leɓɓanta na motsi, har ƙasa. Ta sake hawa sama. Sannan ta ajiye takardar a kan teburin Rilwanu, ta ɗora wayarta a kai.

"Ashirin da biyu. Ni kau ashirin da tara nit turo. Malam Rilwanu, ina bakwai sunka shiga?"

"Malama, na hwaɗa miki, wanda duk ya shiga rumbu daidai sai ya hito. Ƙila sabis na ya yanke miki."

"Ga waya nan, duba. Kowane da alamatai kore, ya tahi."

Rilwanu bai taɓa wayar ba. Ya jingina da kujera, ya yi irin murmushin da ƙananan ma'aikata ke koya daga manya, ya ce ai ta san abin da ya faru bara, ta san yanzu ba a fitar da leda ko ɗaya sai da suna, shi ba ya zargin kowa, amma dai doka doka ce.

Malama Binta ta dube shi har sai da murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Ɗan nan, ni kaka yi ma kallon ɓarauniya? Na karɓi haihuwa kahin a yaye ka. Ban zo roƙon leda ba. Yaro na can shina narkewa kamar sabulu cikin ruwa, kai kana nan kana ba ni labarin bara."

Madam Esther ce ta raba su. Ta ce, "Rilwanu, ka buɗe mana mu gani kawai. In ba kome, ai ba a yi asarar kome ba."

Ya buɗe laftof da tsaki a ciki. Ya shiga wurin da roƙon yake, ya ga layinsa na alfahari, ya ɗage shi na ɗan lokaci don ya rufe bakin tsohuwar, ya aika. Alamar jira ta yi ta juyawa, don sabis ɗin Kalgo ba ya gaggawa. Sai jerin ya fito. Tungar Gawo, ashirin da tara.

"To ga su nan," ya ce, har yanzu da sauran ƙarfin hali. "Bakwai ɗin ba su da suna. Su na nic ce miki. Yaro ba suna, wa ka yarda da shi?"

Ya ja jerin gefe don ya nuna musu yadda layukan suke holoƙo, sai ya ga ba holoƙo suke ba. Kowane da sunan uwa. Kowane da watanni, da nauyi, da awon damtse. Akwai wani gurbi can ƙarshe da bai taɓa damuwa da shi ba, inda ake sa haihuwa ta nawa ce. Layi na farko, ɗaya. Na biyu, ɗaya. Ya bi su duka bakwai, babu wanda ya ce biyu.

"Malama," ya ce, muryarsa ta sauka, "don mi ba ki sa sunayensu ba?"

"Kai ba ɗan ƙasag ga ba na? Wace mace ka buɗe baki ta hwaɗi sunan ɗanta na hwari?"

Ta yi bayanin ba don shi ba, don Madam Esther, wadda ta tsaya da takardu a hannu. Ta ce ɗan fari ai kaka ko goggo ke kawo shi awo, su ke faɗin suna. Amma yanzu damina ce, duk tsohuwar da ke da ƙafa tana fadama wurin shinkafa, sai uwar ta goyo shi ta kawo da kanta, tana tafe tana sunkuyar da kai kamar ta ɗauko kayan wani. In ka ce mata yaya sunansa, sai ta kalli ƙasa, matan layi su kwashe da dariya. In akwai maƙwabciya kusa ta faɗa, to. In babu, ga layi har bakin rijiya, ga hadari ya haɗo, ita Binta ba za ta tsaya tana tsiraita yarinya a gaban mutane ba. Lokacin takarda takan rubuta ɗan wance, kuma Rilwanu da kansa yake kwafewa haka nan bai taɓa tambaya ba. Da waya ta zo da gurbin uwa daban, sai ta sa uwar a wurinta ta bar na yaron. Wayar ba ta taɓa ƙi ba.

Rilwanu bai ji rabin bayanin ba, don bai buƙace shi ba. Shi ɗan fari ne. Shekara talatin da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba, ko da kuskure, ko a cikin fushi. Goggonsa ce ta kai shi makaranta aka rubuta shi. A safiyar ranar ma, da zai fito, yana ji mahaifiyar ta ce wa ƙanwarsa ta kai wa wancan kunu kada ya tafi da yunwa. Abin da ya sani tun kafin ya san harafi, shi ne ya zauna a gaban kwamfuta ya kira shi aljanu. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa nauyi.

"Amma me ya sa ba wadda ta yi ƙorafi?" in ji Madam Esther. "Mako biyar fa. A wurinmu da uwar ta tayar da ofis ɗin nan."

"Ta tsaya gaban surukai ta yi rigima kan ɗan hwari? Madam, Sumayya ta zo rabo duka biyun. Ta tsaya can baya da shi a goye, anka kira sunaye har anka ƙare, tag gyara goyo tat tahi gida. Ko tari ba ta yi ba. Ni nib bi mata ina roƙo, nis samo mata leda uku. Leda uku mi za su yi?"

Madam Esther ta ce ya buɗe duka ƙauyukan. Ya aika roƙon ba tare da sharaɗin ba, suka tsaya su uku suna kallon alamar jira. Da jerin ya zo, Rilwanu ya karanta adadin waɗanda ba su da suna, bakinsa ya kasa fitar da shi, sai Madam Esther ta leƙa ta karanta da kanta. Ɗari da sittin da uku. Ta juya ta dubi ƙofar sito, inda katan-katan ɗin da aka yi ta murna da su suke jibge har kusa da rufi. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ka goge layin nan gaba ɗaya, ka buga mini sabo," ta ce. "Zan nemi mota ta kai sauran. Kai ka ɗauki katan ɗaya da Malama ku tafi yanzu. In yaron ya wuce leda, ku taho da shi asibiti."

Ya kori kaji daga kan babur, ya goge sirdin da tsumma. Babur ɗin ya ƙi tashi sai da aka tura. Ya ɗaure katan a kan tanki, Malama Binta ta hau baya, suka kama hanya. Daga Diggi hanyar ta zama ta shanu, laka mai santsi da kududdufai, gero kore shar ta ko'ina ya fi mutum tsawo, ga abinci nan a tsaye amma da sauran wata guda kafin ya shiga tukunya. Sau biyu suna sauka ya tura. A wani mashigi ruwa ya kai masa cinya, ya ɗora katan a kai ya ƙetare da shi, ya dawo ya ja babur. Duk tsawon hanyar yana ta lissafi ɗaya a ransa: yaron da ƙafafunsa suka kumbura ranar Alhamis yana iya kaiwa Litinin, ya sha gani a rahoto. Ya yi ta maimaita wa kansa ya sha gani, har ya gane a rahoto kaɗai ya taɓa gani.

Sun shiga Tungar Gawo bayan azahar. Garin shiru, kowa na gona, sai awaki a ɗaure da hayaƙi daga gida biyu uku. Malama Binta ta yi gaba zuwa wani gida mai dangar kara, ta yi sallama, aka ce su shigo har da baƙon. Wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma tana tsince ganyen tafasa, ita ce Inno, uwar mijin Sumayya. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi gona, Rilwanu yana tsugune da katan a gabansa yana ji kamar ya yi ihu a bar gaisuwar.

"Inno, ina angon nawa?" in ji Malama Binta. "Ga kayan aurenai mun kawo."

Inno ta ajiye ganyen da ke hannunta.

"Angonki ya koma, Binta. Juma'a da hantsi. Kahin a tahi masallaci an rufe shi."

Malama Binta ta yi salati ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Rilwanu ya kasa ko salatin. Juma'a da hantsi yana shagon aski a bakin kasuwar Gwandu, yana jiran layi, suna gardamar ƙwallo. Ya tuna har abin da ya faɗa aka yi dariya.

Sai ga wata matashiya ta fito daga bayan ɗaki da ƙwarya a hannu, doguwa, siririya, ba za ta wuce ashirin da biyu ba. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye musu ruwa, ta koma gefe ta tsaya. Sumayya ce, fuskarta a bushe. Malama Binta ta yi mata ta'aziyya ta amsa da kai kawai. Inno ta ce yarinyar ta yi hali, 'yar mutane ce, tun ranar ba wanda ya ga hawayenta, ko da aka fita da shi tana bakin turmi. Ta faɗi haka da alfahari, kuma ba za a ga laifinta ba, haka aka yi mata ita ma.

Rilwanu ya ji ba zai iya shan ruwan gidan nan da bakinsa a rufe ba.

"Inna," ya ce, "ni na nis sa ba a kira shi ba. Abincinai na nan ofis tun mako biyar. Ni nic cire shi."

"Haba ɗana, kwana na ya ƙare. Wa ka cire wani?"

"Ni nig gaya ma na'ura kar ta kawo yaron da ba a rubuta sunanai ba."

"Suna?" Inno ta ɗaga kai da mamaki. "Ai shina da suna. An yi mai yanka, liman ya raɗa mai. Da kun aiko da na hwaɗa muku."

Ta sake cewa kwana ne, ta yi masa addu'a, ta ce Allah ya saka masa da wahalar hanya. Addu'ar ta fi masa zafi da a ce ta kwaɗa masa muciya. Da ya saci kallon inda Sumayya take, sai ya ga ta bar wurin.

Akwai sauran shida, kuma su suna da rai. Malama Binta ta share fuska ta tashi, ta bi gida-gida, aka taru a gindin gawon da ke bakin rijiya. Rilwanu ya yanke katan da makullin babur. Bai tambayi kowa sunan kowa ba. Ya riƙa kiran iyayen, ɗan wance, ɗiyar wance, kowace ta matso kai a sunkuye ta karɓa kamar ba don nata ta zo ba. Ya dubi yaran da idonsa, karo na farko cikin watanni, gashi ja-ja mai laushi, wuya kamar zare, idanu manya marasa kuka. Biyu daga ciki Malama Binta ta danna musu ƙafa da yatsa, ramin ya ƙi cikowa, ta ce gobe da safe mota za ta zo a kai su asibiti, kowace ta nemi tsohuwar da za ta raka ta. Rabon yaro na bakwai ya rage a gindin katan, Rilwanu ya rufe shi bai san inda zai sa idonsa ba.

La'asar ta yi sanyi suka juya. Ya turo babur har bayan gari, inda hanya ke shiga cikin gero, yana shirin tayarwa sai suka ji an ce, "Inna Binta." Sumayya ce tsaye a bayan wata danga, inda ba a hango ta daga gidaje. Ta ɗauko tulu don a ce rijiya ta tafi. Ba ta dubi Rilwanu ba, amma da shi take.

"Abin da yac ce ma Inno. Da na hwaɗi sunan, da an ba shi?"

"Ɗiyata, bari wagga magana," in ji Malama Binta. "Ba a tona abin da Allah ya rufe."

"Ƙanwata, ba laihinki ba na," in ji Rilwanu da sauri. "Wallahi laihina na, ni kaɗai. Ni nir rubuta abin, ba wanda yas sa ni."

"Ba laihi nit tambaya ba, Malam. Rad da Inna Binta tat tambaye ni nik kalli ƙasa. Da na hwaɗi rannan, da an kira shi?"

Ya nemi ƙaryar da za ta yi mata amfani. Akwai su da yawa, yana jin su a bakinsa: ciwon ya riga ya yi nisa, ledar ba kowa take tayarwa ba, kwana ne. Ta ɗago ido ta dube shi sau ɗaya, sai ya ga ta riga ta san amsar, so take kawai wani ya faɗa a fili kada ta haukace ita kaɗai da ita.

"Da an kira shi," ya ce.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta sauke tulun ta ajiye a ƙasa, ta goge tafin hannunta a zani.

"Gurbin na nan har yanzu?"

Malama Binta ta dubi Rilwanu, ta ciro wayar daga jaka ta miƙa masa. Ya nemo layin. Sunan uwa, Sumayya. Wata goma sha huɗu. Haihuwa ta ɗaya. Ya taɓa gurbin da ke fayau, ya ce mata yana nan.

"Muzzammil," ta ce.

Kalmar ta fito a karkace, kamar ta bakin mai koyon magana, don ba ta taɓa furta ta ba. Rilwanu ya danna harafin da ba shi ba, ya goge. Ta ga ya goge, ta ɗauka bai ji ba ne, sai ta sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, don kada ya yi kuskure. A tsakiyar sunan muryarta ta karye. Ta dafa dangar ta yi ta faɗinsa, ba da Rilwanu take ba kuma, ba da kowa take ba, Malama Binta ta rungume ta tana toshe mata baki da kafaɗa don kada a ji a gari. Rilwanu yana tsaye da waya a hannu, ya gama rubutawa tuni, hawaye na zuba masa bai ko share ba.

Can daga cikin gida aka ji muryar Inno tana kiran Sumayya, wai ina ruwan. Ta saki Malama Binta, ta kama bakin mayafi ta goge fuskarta sosai, ido da hanci da kumatu, ta ɗauki tulunta, sannan ta amsa.